Wa Ke Amsawa Daga Wutsiya?

Jikata Jumana ce ta tayar mini da wannan zance, ranar nan da la'asar, a gidan ɗana da ke unguwar Safa, nan Jidda. Tana kwance a ƙasa da littafin Turancinta, tana ta nanata wata kalma kamar mai tauna tsakuwa. Na ce, "Ke, me ya maƙale miki a wuya?"

Ta ce, "Sitti, kalmar sojoji ce. Ko Turawan ma ba kowa ke faɗarta ba." Ita za ta rubuta muku ita a nan, ni bakina bai ɗauke ta ba: countermarch. Ta ce idan soja suna maci aka ce su koma ta inda suka fito, to abin da suka yi ke nan. Ana kuma faɗarta a kan duk wani ayari da ya yi gaba sannan ya dawo a kan sawunsa, cikin tsari, ba da gudu ba.

Na ce, "Wato kowa ya juya a kan dunduniyarsa."

Ta ce, "La, la, ba haka ba, Sitti, zo ki gani." Ta matso da wayarta kusa da hancina. Wasu soja ne masu ganguna, a jere. Na gaban bai juya a inda yake tsaye ba. Lanƙwasowa ya yi, ya biyo ta gefen na bayansa, na bayan ya bi shi, kafaɗa na gogar kafaɗa, har layin ya naɗe kansa kamar igiya. Suka koma baya, amma kai yana nan a kai.

Na ture wayar.

"Sitti, aljani kika gani a ciki?"

Na ce, "Na ga abin da ya girme ki, ya girmi ubanki. Je ki kawo mini ruwa."

Ƙanwata Lami ce na gani a cikin layin nan. Ni tun ina yarinya tsorona guda ne a duniya: in waiga in ga babu Lami.

A unguwar Hindawiyya aka haife mu, a gidan katako da kwano, tsakar gidan bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Kakarmu ta wajen uba, Hajja Dije, da ƙafarta ta zo ƙasar nan daga ƙasar Hausa, kuma ba ta bari ka manta da haka. Sana'arta gyaɗa. Jidda ba garin da ake hura wuta don ɗumi ba ne, gumi ma sai ya jiƙa maka zane kana zaune. Wutar Hajja ta aiki ce. Da an sallame magariba za ta ɗora kasko cike da yashi a kan gawayi, ta zuba gyaɗa, ta riƙa juyawa da wani dogon ludayi. Mu yara, namu da na maƙwabta, mu zagaye ta muna ɓare ta gobe. Tatsuniya ita ce ladanmu. Wanda hannunsa ya tsaya, bakin Hajja ma sai ya tsaya, kowa ya juyo ya harare shi.

Da rana kuma mu ɗauki tire mu nufi Balad, tsohon cikin gari. Wanda ya san tsoffin lungunan can ya san akwai inda mutum biyu ba sa jerawa. Gidajen dutse dogaye hagu da dama, tagogin katakonsu sun kusa haɗe kai a sama, ƙasa ko da tsakar rana duhu-duhu ne. Haka muke bi ɗaya bayan ɗaya, ni a gaba, don ni ce babba, kuma ni ce ba na ɓata hanya.

Lami shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana rarrafe. Jan ƙafar take yi. Amma abin da Allah ya rage mata a ƙafa ya ƙara mata a baki, ba a taɓa gaya mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba. Wata rana ta ce ita ma tire take so. Innarmu ta ce ina, ba za ta iya tafiyar ba. Lami ta kifa kai a bango ta yi ta kuka har muryarta ta dushe. Hajja ta ce, "Bar ta ta je. Ƙafar da aka ajiye a ɗaki ba ta koyon komai. Zulai za ta ja su." Zulai ni ce.

Maraicen da washegarinsa Lami za ta fara bin mu, shi ne Hajja ta ba mu wannan tatsuniya da zan faɗa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Takan buga ludayi a bakin kasko ta ce, "Ga wata nan ta taso da ƙafa." Mu kuma mu ce, "Ta iso, mun matsa mata."

Wai an yi wani ayarin mahajjata tun zamanin da ake zuwa da ƙafa. Madugunsu jarumi ne, ya san rijiyoyi, ya san taurari, bai taɓa yar da ko akuya a hanya ba. Suka iso wani kwazazzabo tsakanin duwatsu biyu, matsattse, sai an sauke wa jaki kaya yake shiga, rana ba ta sauka har ƙasansa. Dokar wurin ita ce a yi jere, kowa ya riƙe gefen rigar na gabansa. Madugu a kai. In an ɗan taɓa tafiya sai ya ɗaga murya ya ce, "Wutsiya?" Wanda ke can ƙarshe ya amsa, "Tana nan." To ta ƙarshen wata tsohuwa ce mai tari. Ba ta iya buɗe baki sai ta yi tarinta tukuna.

Hajja ta kwaikwayi tsohuwar, ta yi ta ƙoƙ-ƙoƙ har idonta ya kawo ruwa, sannan ta ce da ƙyar, "Tana nan." Muka kwashe da dariya.

Ta ce, "Ku yi dariyarku yanzu, tun da sauranta."

Suka nutsa cikin kwazazzabo. Madugu ya ce, "Wutsiya?" Tari, sannan amsa. Suka ƙara gaba. "Wutsiya?" Tari, sannan amsa. Suka ƙara gaba, sanyi ya fara fitowa daga jikin dutse. "Wutsiya?"

"Tana nan."

Babu tari. Hajja ta faɗe ta da wata murya mai santsi kamar man shanu a rana, muryar da ban taɓa ji a bakinta ba. Hannuwanmu duk suka tsaya a kan gyaɗa, kuma ranar ba ta yi mana faɗa ba.

Madugu ya ce a ransa, wataƙila tarin ne ya lafa mata, alhamdu lillahi. Ya ci gaba. Da ya sake kira, amsa ta zo, amma ta matso kusa, kamar layin ya rage tsawo. Ya sake kira, ta ƙara matsowa. Babu ihu, babu ƙarar faɗuwa, babu wanda ya ce wayyo. Kullum dai, "Tana nan," cikin ladabi. Sai zuciyar madugu ta tsinke. Ya daka tsawa ya ce, "Ku juya! Kowa ya juya, mu koma!" Kowa ya juya a kan dunduniyarsa, ya kama rigar wanda a da yake bayansa.

Hajja ta juya gyaɗarta, ta ƙara juyawa. Wutar gawayi na haska mata haɓa, idanunta na cikin duhu. Ta ce, "To, 'yan jikokina, yanzu wa ke gaba?"

Lami ce ta faɗa, a hankali, "Abin."

"Abin," in ji Hajja. "Da yana bin su, yanzu ya zama madugu. Ya ja su, ba ta hanyar da suka shigo ba, ta wata tsaga da ba su lura da ita ba. Shi kuwa madugu yana can ƙarshe riƙe da rigar wani, ba ya ganin komai sai ƙeya. Can sai ya ji an ɗaga murya daga gaba. Muryarsa ce, tasa ta kansa, aka ce, 'Wutsiya?'"

Wani ɗan maƙwabta ya ce, "Hajja, ya amsa?"

"Yaya za a yi bai amsa ba? Ba shi ya kafa dokar ba? Har yau suna tafiya. Mu da muka ratso wurin, cewa aka yi mu cusa bakin mayafi a kunne."

Ta buga ludayi a kasko, alamar ta ƙare ke nan. Aka kira isha'i, babu wanda ya yarda ya je bayan gida ɗauko buta shi kaɗai.

Ni ce na yi ƙarfin hali na ce, "Hajja, to da me ya kamata ya yi?"

Ta nuna ni da ludayin, yashi na zuba daga bakinsa. Ta ce, "Yawwa, dama ke nake jira. Kai ba ya cewa a juya. Kai ne ke komawa. Ya lanƙwaso, ya bi layinsa, na bayansa ya bi shi, ya duba fuskar kowa, ya kira sunansa, har ya kai wutsiya da idonsa. Amsa ba mutum ba ce, Zulai. Kowa na iya amsawa."

Ba ta bar mu a nan ba. Bayan salla ta tasa mu zuwa wani ɗan tsukin da ke tsakanin gidanmu da bangon maƙwabta, ta jera mu, ta ce in gwada. Na lanƙwaso na taka ƙafar wata, tire ya bugi tire, Lami ta ce, "Wannan madugun ko jaki ba zai ba shi amanarsa ba." Hajja ta ce a sake. Muka yi ta sakewa har ya zauna: kowa ta manne da bangon dama, ni in biyo ta hagu, ta biyu ta biyo ni. Da muka kwanta na ɗaura bakin zanena da na Lami. Ta farka ta ga ƙullin, ta ce ita ba akuyata ba ce. Amma ba ta kwance ba.

Tun daga ranar, duk lungun da muka shiga sai na ce, "Wutsiya?" Lami ba ta taɓa amsa mini da daɗi ba. Yau ta ce in kalli gabana kada in zubar da gyaɗar mutane, gobe ta ce in na gaji da kira in aiko da wasiƙa. Masu shaguna suka san mu da wannan, har wani tsoho mai sayar da turare yakan taya ni kira in mun zo wucewa, bai san ma'anarsa ba. Shekaru muna haka, babu abin da ya taɓa shigowa layina.

Sai da muka zama matan aure, Hajja ta daɗe da rasuwa, sannan ranar ta zo. Mun je gaisuwar mutuwa wani gida can cikin Balad, mu matan unguwarmu. Muna zaune hadari ya rufe gari. Ku da kuka san ruwan Jidda kun san ba ya zuwa sai ya zo da faɗa. Muka ce yalla, mu kama hanya tun bai sauko ba. Ba mu yi nisa ba ya ɓarke. Na shigar da su wani dogon lungu da na sani tun ina ɗaukar tire, wanda zai fitar da mu bakin titi. Ni a gaba, Lami a baya, tsakaninmu mata, wasu da goyo, wasu tsofaffi. Ruwa na dukan abayoyinmu, tagogin sama na zubo mana da nasu.

Na ce, "Wutsiya?" Ina jin wata amsa daga nesa, ruwa bai bari na ji me aka ce ba. Muka sha wata kwana. Ruwan ƙasa ya kai idon sawu. Na sake kira da ƙarfi.

"Tana nan!"

Na ja na tsaya. Lami ba ta taɓa ce mini tana nan ba, ko sau ɗaya.

Kafin in gama wannan tunani sai ga ruwa ya taho ta gabanmu, ja wur, ɗauke da kwali da takalma da wata kujerar roba tana juyi. Lungun ya toshe ta can. Matan bayana suka ɗauki salati, wata ta ƙwalla, "Ku juya! Ku juya!" Na ga kawuna sun fara juyawa.

Allah ya ba ni murya, ban taɓa ɓoye wannan ba. Na ce, "Wallahi duk wadda ta juya sai na mare ta! Kowa ta manne da bango!" Suka ƙame. Na kama hannun ta biyu na ce ta biyo ni, ta bayanta ta biyo ta. Na lanƙwaso. Ina tafe ina ɗaga mayafin kowace ina kiran sunanta, ruwa na tura mu ta baya, jarirai na kuka. Wata ta ce, "Ya Zulai, halas, ya isa haka, wannan lokacin duba fuska ne?" Ban kula ta ba.

Na kai ƙarshe. Wadda ke tsaye a wurin Lami ban taɓa ganinta ba. Doguwa, baƙa, ta lulluɓe kanta da leda, sai idanu.

Na cafki wuyan rigarta na ce, "Ke wace ce? Mutum ko aljan?"

Ta ce, "Hajiya, mutum ce, wallahi mutum ce, sori! Aikin Umara na zo yi na zauna, a can wani gida nake aiki. Na ga mata suna tafiya na bi bayanku. Na ji kina ta tambaya ba mai amsawa, shi ne na amsa."

"Ina gurguwar da ke nan?"

"Ban ga kowa ba, Hajiya. Ni daga wannan lungun na fito." Ta nuna wata tsaga ta hannun hagu.

Na sake ta na ci gaba, layin na bina. Bayan kwanar da muka sha, a wurin da ruwa ke juyi, na hango baƙin abu a ƙasa. Lami ce. Ruwa ya ɗage murfin wani rami, ƙafarta mai lafiya ta faɗa ciki har cinya, mara lafiyar ba ta iya ɗaga ta. Ta rungume wani bututu a jikin bango, ruwa na gogar ƙirjinta. Ta yi ta kira, ruwan sama ya cinye muryar. Ni da mata biyu masu ƙarfi da ke bayana muka ciro ta. Baƙuwar nan ma ta zo ta kama, ita ta goya ta har muka samu wani mai shago ya buɗe mana ƙofa muka hau bene. Abin da Lami ta fara cewa, haƙoranta na kaɗawa, shi ne, "Sai yanzu? Shayi kika tsaya sha?"

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Da sun juya, baƙuwar ce za ta zama a gaba. Ba muguwa ba ce, baiwar Allah, har yau ina yi mata addu'a. Amma hanyar da ta sani za ta bi, ta tsagar hagu, kowa ta bi ta, ni a can ƙarshe ina kallon ƙeya, mu wuce Lami da taku kaɗan ba wanda ya sani. Ko da ma Lami na wurinta, juyawar nan ita za ta sa a gaba, ita da tsofaffi, masu ƙarfi na turo su ta baya a cikin tsoro. Hajja ta ga irin wannan a hanya, na tabbata ta gani da idonta. Ta san yaro ba ya riƙe nasiha, amma yana riƙe abin da ya hana shi barci.

Yanzu mun tsufa. Lami na wurin ɗanta a wata unguwa can nesa, sai an hau mota. Yaran nan sun saya mini waya sun ce ga sauƙi ya zo, in danna in ji lafiyarta. Kwanakin baya duk kiran da na yi surukarta ke ɗauka: tana lafiya, Hajiya, ta kwanta, tana salla, ta ce a gaishe ki. Yarinya ce mai kirki, ba ƙarya take yi ba. Na ce wa ɗana ya fito da mota. Ya ce, "Ya Ummi, an ce miki tana lafiya." Na ce na ji an ce.

Na same ta zaune a bakin gado, an yi mata wanka, an ɗaura mata ɗankwali mai kyau. Fuskar tata ce, har tabon da ke haɓarta. Na ɗaga mata kai na ce, "Lami."

Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Kin zo lafiya? Ina gajiya?"

Na zauna a gefenta. Surukar ta ce abin ya ɗan jima da farawa, wata rana ko ɗan nata ba ta ganewa, sun ce kada a tayar mini da hankali.

Nan ne tatsuniyar Hajja ta ƙare mini. Ta koya mini in koma, in duba fuska, in kira suna. Ba ta faɗi abin da madugu zai yi ba idan ya kai wutsiya ya tarar da fuskar daidai, sunan daidai, amma an riga shi zuwa. Na rasa wanda zan cafka a wuya.

Duk Juma'a nake zuwa yanzu. Ina tafiya da man zaitun, in ɗora ƙafar nan tata ta hagu a cinyata in yi ta murzawa, ina tsokanarta, ina gaya mata ƙafar ta fi ta hankali, ko Allah zai sa ta mayar mini da ko guda ɗaya. Takan bar ni in gama, ta gyara zanenta, ta ce, "Na gode, baiwar Allah. Ke 'yar wane gida ce?"

Sai in gaya mata.